Ranar da Aka Duba Ganɗar Zubeiru

Ka taɓa ganin mutumin da ko ɓera bai taɓa kashewa ba, amma in ya buɗe baki kan farauta sai mafarauta su ajiye kofin shayi su saurara? In ba ka taɓa gani ba, to ba ka zauna a teburin mai shayi na unguwar Aboabo ba lokacin da Zubeiru mai motokin yake tashe.

"Ni," in ji shi, yana dukan ƙirji da hannun da ke riƙe da burodi, "a ɗaure mini ido, a jero mini karnukan Tamale kaf, tun daga Nyohini har Bulpiela. Shafawa kawai zan yi in ce muku wannan na zomo ne, wannan na gyauji ne, wannan kuwa a bar shi ya ci gaba da gadin bola."

Bari in gaya maka inda ya samo wannan ilimi. Zubeiru yana da motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku da akwatin kaya a baya. Da rani, duk Asabar, mafarautan unguwa sukan ɗauke shi ya kai su daji, su da karnukansu da sandunansu. In sun isa, su su shiga ciyawa, shi kuma ya nemi inuwar kaɗanya ya ɗora hula a fuska. Da yamma ya kwaso su, suna hira a baya, yana tsintar abin da ƙarar inji ta bari ya iso kunnensa. Wannan tsince-tsincen ya tara, ya ƙara gishiri, ya zama malami. Abokansa suka laƙaba masa Farfesa don tsokana. Shi kuwa washegari ya kira mai fenti ya rubuta masa a bayan motokin da jan launi: Farfesan Karnuka.

Alamomin da yake karantarwa ba shi ya ƙirƙiro su ba, tsofaffin mafarauta sun daɗe da su. A buɗe bakin kare a duba ganɗa: in baƙa ce, zuciyarsa ma haka take, ba ya ja da baya. In yana da ɗigo biyu a saman idanu, ido huɗu ke nan, yana ganin abin da ya ɓuya har da wanda ba a so a gani a daji. In yana da cindo a ƙafar baya, ba abin da zai tsere masa. Sai wutsiya, wadda wasu suka ce ta lanƙwasa hagu, wasu suka ce dama. Farfesa ya raba wannan gardama cikin sauƙi: in kare ya yi masa, sai ya tsaya ta gefen da lissafin zai fita daidai.

Amma babbar jarrabawa, wadda yake miƙewa tsaye in zai faɗe ta, ita ce ta ƙeya. A kama fatar ƙeyar kare a ɗaga. In ya yi shiru ya naɗe ƙafafu, jarumi ne. In ya yi ƙara, a mayar wa uwarsa. Kuma kullum sai ya ɗaga yatsa ya ƙara da cewa wannan dokar ba ta kare kaɗai ba ce, har mutum haka ake gane shi. Ya faɗa a wurin shayi, ya faɗa a wurin wanzami, ya faɗa a gidan suna. Har a gidan surukansa ya faɗa, sau da yawa, ba wanda ya tambaye shi.

To, ga abin da ke cin Farfesa a rai. Matarsa Mashudatu ta haifi ɗansu na fari, Abdul-Ganiyu, ta tafi gidansu a Bulpiela wankan jego kamar yadda aka saba. Yaro ya yi zama, ya fara rarrafe, har haƙori ya leƙo, Mashudatu ba ta dawo ba. Zubeiru ya gaji da wake da shinkafa na ganye, ya gaji da wankin da ba ya fita, amma abin da ya fi damunsa shi ne ya shiga ɗaki da yamma ya cika baki ba mai cewa "to, Allah Ya sa." Yana kewarta da gaske, ko da yake ba zai faɗa a teburin shayi ba.

Mai iko a gidan Bulpiela kuwa ita ce kakar Mashudatu, Kaka Azeta. Tsohuwa ce 'yar firit, in ta zauna a kujerar tsuguno sai ka ɗauka ƙullin wanki aka ajiye, amma ba a taɓa jin wanda ya ja da ita ya ci abincin rana da daɗi ba. Da yake mijin jikarta ne, akwai wasa tsakaninsu, angona take kiransa. Ya je ya durƙusa, ya gaishe ta, ya ajiye goro, ya yi ta zagaye-zagaye har ya iso kan maganar.

Ta ɓare goron, ta dube shi sama da ƙasa.

"Angona, tun kana neman aurenta nake cin zomo a bakinka. Na ci soyayye, na ci na farfesu, har haƙorin da ya rage mini ya gaji da taunar labari. Kawo mini zomon daji guda, wanda karenka ya kama, ba na kasuwa ba. Ran da na sha romonsa, ran nan Mashudatu za ta ɗaure kaya."

Mai hankali da ya nemi a ba shi lokaci. Farfesa cewa ya yi Asabar mai zuwa a ɗora tukunya tun la'asar, a gayyaci maƙwabta, kada kowa ya sayi nama. Ya fita yana taku ɗai-ɗai. Matsala ɗaya ce 'yar ƙarama: ba shi da kare. Bai taɓa yi ba.

Mashudatu ta rako shi ƙofar gida da yaro a baya. Ta yi ƙasa da murya ta tuna masa cewa ko kaza bai taɓa kiwo ba, ta ce ya je wurin Tahidu, shugaban mafarautan unguwa, ya roƙi aron karyarsa, a gama magana cikin rufin asiri. Zubeiru ya yi dariya har da riƙe ciki. Karyar Tahidu? Ai ya duba ta tuni. Ganɗarta ja ce, ba ta da ɗigo ko ɗaya, in aka taɓa ƙeyarta kuka take kamar jaririya. Cika buhun da take yi duk mako kuwa sa'a ce kawai, kuma shi bai yarda da sa'a ba, ilimi ya sani.

Ya shiga gari neman kare. Ya buɗe bakunan karnuka har hannunsa ya fara saɓa saboda wanki da ƙasa da ruwa. Wannan ganɗa ja, wancan wutsiya a tsaye kamar eriya, wani kuma bai tsaya an duba shi ba, shi ya nemi duba ƙafar Farfesa. Mako ya raba tsakiya ba labari.

Sai aka kira shi aiki a Nyohini. Wata mata mai suna Sanatu za ta koma Kumasi wurin mijinta, tana son a kai mata kaya tasha. Yana shiga gidan ya ga kejin waya jere a jikin bango, duk a buɗe, ba komai ciki. A gabansu wani matashin kare siriri ja yana kwance, ya ɗora haɓa kan ƙafafu, yana kallon kejin kamar wanda aka yi wa rasuwa. A saman idanunsa ga ɗigo biyu raɗau.

Zubeiru ya saki katifar da ya ɗauka. Ya tsuguna ya buɗe bakin: baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya ɗaga ƙafar baya: ga cindo. Ya zagaya ta baya, wutsiya ta yi dama. Ya dawo ta gaba, ta yi hagu. Alhamdu lillahi. Ya kama fatar ƙeya ya ɗaga. Karen ya naɗe ƙafafu ya yi tsit, yana kallonsa da idanu masu ruwa. Kuma a kan buhun da yake kwana, ga gashin zomo mai laushi ya yi tuli.

"Wannan ya ci zomaye har gashinsu ya zame masa katifa," in ji Farfesa.

Sanatu ta fito da ƙullin tukwane a ka. "Ai Auta da zomaye ya tashi, tun yana ɗan..."

"Na gani, Mma, na gani. Ba sai an gaya wa Farfesa ba."

"A'a, ina nufin shi ne yake..."

"Yake gamawa da su. Kejin nan ba kowa ciki. Aikin wa ke nan?"

Gaskiyar magana, Sanatu kiwon zomaye take yi, kuma jiya-jiya ta sayar da su saboda tafiya. Karen kuwa tun yana ɗan kwikwiyo cikinsu yake kwana, shi ke korar musu muzuru da maciji, shi ke ɗauko ƙananan in sun faɗo daga keji. Ta buɗe baki za ta ƙara gwadawa, sai ta tuna mota na shirin tashi, kuma duk unguwar ba wanda ya yarda ya karɓi kare. Ta haɗiye maganar. Ta ce ya tafi da shi kyauta, ya riƙa ba shi abinci, amma don Allah kada ya taɓa ɗaga sanda a gabansa. Farfesa ya gyaɗa kai irin na masana. Jarumin kare dama ba ya son raini.

Abu na farko da ya yi shi ne canza suna. Auta sunan 'yar tsana ne. Daga yau Harsashi. Karen bai nuna ya ji sanarwar ba. Farfesa ya bayyana wa mutanen shayi cewa babban kare ba ya amsa kira da wuri, sai ya yi nazari.

Abu na biyu, horo. Ya taɓa ji daga bayan motokin cewa ana zuba wa kare barkono a tuwo don zuciyarsa ta yi zafi. Ya zuba har tuwon ya koma ja. Harsashi ya shinshina, ya yi atishawa, ya zagaya ya cinye burodin da Farfesa ya ajiye wa kansa. Sannan ya aro busasshiyar fatar zomo wurin wani baduku ya jefa masa don ya koyi yaga. Karen ya tsaya cak. Ya yi wani ɗan kuka a maƙogwaro, ya lashe fatar tun daga kai har gindi, ya ja ta cikin inuwa a hankali, ya kwanta ya zagaye ta da jikinsa. Duk wanda ya matso sai ya ji gurnani.

"Haddar ƙamshi yake yi," in ji Farfesa. "Ku dai ku zo da manyan buhuna."

Asabar da sassafe aka yi lodi. Tahidu, wanda ya saba zama gaba kusa da direba, ya tarar an ba Harsashi wurinsa, har da shimfiɗar tawul. Ya haye baya cikin karnuka da sanduna. Farfesa kuwa ya sha takalmin roba har gwiwa, ya rataya sabon kere, sandar jifan nan mai ƙugiya, ga wata wuƙa a ƙugu da za ta iya feɗe raƙumi. Suka bi hanyar Nyankpala har inda aka ƙone daji sabuwar ciyawa ta fara tsirowa. Ranar, kaɗanya ta yi ta jiran mai barcinta bai zo ba.

Ƙa'idar mafarautan a fili take: karen da ya fara kai baki, mai shi ke da naman, sai ya yi maza ya yanka. Aka bazu, ana bugun ciyawa, ana ihu. Can sai zomo ya tashi daga gindin wata sabara, karnuka suka rufa masa baya.

A nan dole a faɗi gaskiya: ba a taɓa ganin gudu irin na karen nan ba. Ya wuce karyar Tahidu kamar an ɗaure ta a turke. Ya wuce sauran kamar suna tafiya da baya. Zomo ya yi kwana, ya yi kwana da shi. Farfesa yana biye cikin takalmin roba, fal-fal-fal, yana haki yana shela: baƙar ganɗa, ido huɗu, cindo, kowa ya buɗe ido ya ga ilimi. Kafin ya rufe baki Harsashi ya danne zomon da ƙirji.

Suka iso a guje. Ba jini. Ba kuka. Zomo ya lafe tsakanin ƙafafun karen, zuciyarsa na bugawa, karen kuma yana lasar masa kunnuwa ɗaya bayan ɗaya, da natsuwa, kamar uwar da ke shirya yaro zuwa makaranta. Sauran karnuka suka zagaye suna zumuɗi. Ya ɗago ya yi musu wani gurnani daga can ƙasan ciki, kowanne ya tuna yana da wani aiki a wani wuri.

"Farfesa, naka ne," in ji Tahidu. "Yanka mu wuce."

Zubeiru ya zaro wuƙa ya matso. Karen ya dubi wuƙar, ya dubi mai wuƙar, ya buɗe baki gaba ɗaya.

"Lallai baƙa ce," in ji Tahidu. "Yanzu kam kowa ya gani."

Farfesa ya ba da umarni: Harsashi, saki. Ya maimaita da tsawa. Ya maimaita da Dagbanci, ko karen bai jin Hausa. Ya gwada da Turanci. Shiru. Daga ƙarshe ya waiga hagu da dama, ya sunkuya, ya ce cikin raɗa, "Auta." Nan take wutsiya ta fara kaɗawa, hagu da dama duka, amma zomo yana nan a danne.

Raɗar ba ta yi ƙasa yadda ya so ba. Wani ya faɗi kan ciyawa don dariya. Wani ya ce ashe harsashin nasu na bindigar wasan yara ne. Ana cikin haka Auta ya kama fatar ƙeyar zomon a hankali, yadda ake ɗaukar jariri, ya taka har motokin, ya shigar da shi ƙarƙashin kujera, ya kwanta a bakin wurin.

Da yamma ta yi aka dawo da abin da sauran karnuka suka samo, sai sabon rikici. Auta ya ƙi yarda kowa ya matso motokin da sanda, ya ƙi yarda a ɗora buhun da ke warin jini. Aka yi lallashi, aka yi zagi. Ƙarshe dai mafarauta suka saɓa buhuna suka nufi bakin titi a ƙafa neman tifar yashi da za ta rage musu hanya. Tahidu ya waiwayo ya ce daga yau sun sallami Farfesa, za su nemi direban da bai yi karatu ba.

Kana tsammanin jikinsa ya yi sanyi? Kafin ya iso gari ya riga ya gano cewa abin da ya faru ci gaba ne. Kamun zomo da rai. Sabon salo. Ba ruwanka da firiji, ba ruwanka da ɗauke wuta, nama yana tafiya da ƙafarsa har ranar da kake so. Ya ga kansa ya buɗe makarantar karnuka a Aboabo, da allo da komai, ana zuwa daga Yendi da Bolga ɗaukar darasi. Ya shiga Bulpiela yana danna hon tun daga kan kwana.

Gida ya cika. Maƙwabtan da ya gayyata da bakinsa duk sun zo, wasu da kwanukansu. An tuƙa tuwon zafi, an gyara ganyen ayoyo a faranti, an niƙa barkono, ruwa na tafasa a tukunya. Mashudatu ma, ba tare da kowa ya sani ba, ta ɗaure jakarta ta ɓoye bayan ƙofa. Auta ya sauko da zomo a baki, ya zagaya tsakar gida, ya zaɓi gindin turmi ya ajiye shi, ya kwanta.

Farfesa ya yi jawabi. Ya yi bayanin sabon salo, ya yi bayanin firiji, ya taɓo batun makaranta. Kaka Azeta ta saurara har ƙarshe tana gyaɗa kai.

"Madalla, angona. To ga ruwa ya tafasa."

Ya fara da dabara. Ya jefa ƙosai can nesa. Auta ya je ya ɗauko ya dawo kafin Farfesa ya yi taku biyu, ya ajiye ƙosan a gaban zomo ko zai ci. Ya gwada kifa musu kwando, karen ya fito da kai ta ƙasa ya dube shi, shi da kansa ya ɗauke kwandon ya ba da haƙuri. Mata suka fara ƙus-ƙus. Wata ta tambaya ko a sauke tukunyar ne kada ruwa ya ƙone. Zufa ta keto wa Farfesa. Ya dubi ƙofar ɗaki, ya ga Mashudatu tsaye da yaro a hannu tana kallonsa, ya ji dole a yi ta ta ƙare. Ya ciro kere ya ɗaga sama, don tsoratarwa kawai.

A daidai lokacin ne ya tuna abin da Sanatu ta ce. Tunawar ta zo a makare.

Sun zagaya tsakar gidan nan, Farfesa a gaba, cindo a baya. Takalmi ɗaya ya fita wajen murhu, ɗayan wajen igiyar shanya. Wuƙar raƙumi ta faɗa cikin bahon wanki. A zagaye na ƙarshe aka ji ƙyaaat, bayan wando ya rabu da mai shi, shi kuma ya tsinci kansa a saman tankin ruwa, wurin da ko da tsani ba kowa ke hawa ba.

"Auta, haba Auta, ni ne fa. Wa ya ba ka burodi?"

Abdul-Ganiyu ya ƙyalƙyale da dariya, yana tafi da hannuwa. Zomo kuwa ya samu sarari, ya matsa ga farantin ayoyo yana ci a natse.

Kaka Azeta ta miƙe da ƙyar, ta nuna wa karen tafukanta ba komai ciki, ta zauna a ƙasa kusa da turmi. "Auta, zo nan ɗana." Ya zo yana kaɗa wutsiya, ya kwanta a gefenta. Ta kai hannu ta shafa zomon, ta taɓa cikinsa. Sannan ta sanar da jama'a cewa zomanya ce, kuma ciki gare ta, ya kusa. Ta ce ba a yanka mai ciki a gidan da ake goyo. A zuba busasshen kifi a tukunya, a wanke abin da ya rage na ayoyo.

Daga nan ta ɗaga kai sama.

"Sauko, angona. Auta ba zai taɓa ka ba, ba ka da sanda. Zo nan. Ai kai ka ce mana dokar har mutum."

Ya sauko yana riƙe da bayan wando da hannu biyu, ya durƙusa a gabanta. Ba yadda zai yi, kaka ce, kuma gaban mutane. Ta ce ya buɗe baki. Ta leƙa ta ce ja wur, kamar tumatirin Navrongo. Ta duba saman idanunsa, ba ɗigo, sai zufa. Ta duba ƙafa, ba cindo, ba ma takalmi. Batun wutsiya ta ce ba sai an juya shi ba, kowa ya riga ya gani ta inda wandon ya yage, babu.

"Saura babbar," in ji ta.

Ta kai yatsu biyu, irin yatsun da suka yi shekara da shekaru suna murza dawa, ta kama fatar ƙeyarsa ta murɗa sama.

Ƙarar da Farfesa ya yi, mai shayin Aboabo ya rantse ya ji ta. Zabin maƙwabta suka tashi sama. Auta ma sai da ya rufe zomanyarsa da ƙafa.

Kaka ta saki, ta goge yatsu a zani. "To, wannan ya yi ƙara. Tsufa ya sa ina mantuwa. Me ka ce ana yi da wanda ya yi ƙara?"

Farfesa ya dubi ƙasa. Sai daga bakin ƙofa aka ji muryar Mashudatu, ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Ya ce a mayar wa uwarsa."

Haka aka yi. Kaka ta riƙe kare, ta riƙe zomanya, ta riƙe jikarta, ta ce a cikin su biyun da suka shigo da motokin ta ga wanda ya iya riƙon abin da aka ba shi amana. Mashudatu ta kwance jakarta. Aka ba Farfesa aron zani ya ɗaura, aka zuba masa tuwo da miyar kifi a kwano, aka ce ya gaida mamarsa. Sabon sharaɗi kuma shi ne kullum da safe ya kawo wa zomanya ganye. In ta haihu 'ya'yan sun girma, ya zauna da Auta su tattauna, in ya yarda ya ba shi ɗaya, sai a sake ɗora tukunya.

Zomanya ta haihu lafiya, kuma cin da suke yi ba na wasa ba ne. Don haka in kana da ganyen dankali, ko ɓawon kabeji, ko harawar gyaɗa da ba ka amfani da ita, don Allah ka ɗaure ka kai Aboabo da safe. Ka nemi motokin da wani ɗan albarka ya kankare "Karnuka" a bayansa ya rubuta "Zomaye". Ka miƙa wa direban ta gaba, kada ka bi ta bayansa, don har yau in iska ta taɓa ƙeyarsa zabura yake. Ka taimaka, bawan Allah yana son matarsa ta dawo.